Ɗan Amshin Da Ya Ƙi Karɓa

An yi wani mutum, 'yan'uwa, a wani gari da ba zan iya nuna muku shi yau ba, don ko kufansa ban tabbata ya rage ba. Wani bawan Allah ne ana ce masa Anaruwa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, ko sarautar unguwa ba shi da ita. Sana'arsa amshi. Kun dai san ɗan amshi, mutumin nan da ke tsayawa a bayan mawaƙi, in mawaƙi ya jefo baiti shi kuma ya karɓa. Shekara talatin da 'yan kai Anaruwa yana tsaye a bayan Makaɗa Cindo, mawaƙin Mai Gari, da ɗan kotsonsa a hammata, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin ya faɗi magana tasa ta kansa a bainar jama'a ba. Abin da aka ba shi, shi yake mayarwa. In an yi kyauta, Cindo ya ɗauki riga, shi a miƙo masa hula. In an yanka rago, Cindo ya tafi da cinya, shi ya koma gida da ƙafafu, matarsa Kande ta babbake su ta yi romo, su sha su gode wa Allah.

To, ku saurara, don a nan labarin yake. Mutanen garin nan suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Ba su da takarda, ba su da magatakarda. In Mai Gari ya yanke shari'a a zaurensa, ta gado ce ko ta iyakar gona, hukuncin bai zauna ba tukuna. Sai ranar kasuwa ta zagayo, kasuwa ta cika, mawaƙi ya tsaya a gindin ɗorawar da ke tsakiya ya rera hukuncin kowa ya ji: wane da wane sun yi jayayya a kan abu kaza, Mai Gari ya ba wane. Sai 'yan amshi su karɓa har sau uku, su ce, "Haka yake, mun shaida." In sun faɗi na uku, sai kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Daga nan magana ta mutu, ko jikanka ba shi da bakin tayar da ita. Takardarsu ke nan.

'Yan amshin su huɗu ne, amma a kan Anaruwa suke shiga. Ba don ya fi su murya ba, muryarsa ma da ɗan kaushi. Shi dai ya san daidai inda Cindo zai sauke numfashi, kuma in zai ɗauka sai kafaɗarsa ta dama ta ɗan ɗaga. Sauran ukun sun saba har sun daina sauraron Cindo, kafaɗar Anaruwa suke kallo. In ta ɗaga su buɗe baki, in ba ta ɗaga ba su jira. In kuma gaya muku gaskiya, shi kansa bai ɗauki maganar nan ta "mun shaida" a bakin komai ba. Aiki ne, kamar yadda wani ke sassaƙa turmi.

Anaruwa yana da aboki tun suna yara, sunansa Nomau. Nomau ya gaji wata fadama a bakin rafi, wadda ubansa ya sare daga daji. Ba wata babba ba ce, amma ƙasa ce mai albarka, rake a gefe guda, albasa a gefe guda, ga rijiya a tsakiya wadda su biyun suka haƙa da hannunsu suna samari. Sai ciwo ya kama Nomau. Kwana bakwai ya yi a kwance, kuma kwana bakwai ɗin nan Anaruwa bai bar gefen tabarmarsa ba, shi ke tayar da shi, shi ke ba shi ruwa. Maganar da ya yi ta ƙarshe mai kan gado ita ce, "Fadamar nan ta yaran nan ce." Ya rasu ya bar matarsa Gwamma da 'yan mata biyu ƙanana.

Mai Garin lokacin sunansa Bagudu. Kada ku zana shi a zuci da ƙaho da jajayen idanu, ba haka yake ba. Yana gaishe da tsofaffi, yana ba baƙo masauki, in an yi rasuwa shi ne na farko a wurin zaman makoki. Ciwonsa ɗaya ne: in idonsa ya ga abu ya yi masa, zuciyarsa ba ta sake hutawa. Gonar rakensa kuwa ta yi iyaka da fadamar Nomau, kuma tasa ba ta da rijiya. Ko arba'in ba a yi ba sai ga fadawansa biyu sun tashi a zaure sun rantse cewa a gabansu marigayi ya ba Mai Gari fadamar kyauta, yana kan gadon ciwo. Gwamma tana durƙushe a bakin ƙofa, ta ce ba a yi haka ba. Aka ce ina shaidunta. Ta ce Anaruwa yana gefen mijinta har ya cika. Aka yi dariya, aka ce ɗan amshi ba ya magana a zaure. Kafin kunun da aka kawo wa Mai Gari ya huce an gama shari'a. Saura kawai a rera ta ranar kasuwa.

Ana jibi kasuwa, da hantsi, Anaruwa ya haɗu da Gwamma a hanyar rafi, da tulu a kanta. Ya so ya kauce, hanya kuwa ɗaya ce. Ta gaishe shi kamar kullum, ta tambayi Kande, sannan ta ce, "Baba, na san aikinka ne, kuma da shi kake ci. Ba zan ce ka bar abincinka saboda ni ba. Abu ɗaya nake roƙo. In za ka faɗa, kada ka dubi wajen da nake tsaye da yaran." Ta gyara tulunta ta wuce.

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya koma gida ya zauna a gindin rumbu, aka kawo tuwo ya kasa ci. Kande ta dube shi ta gane, don mace ce mai ido. Ta ce, "Maigida, hatsin da ke cikin rumbun nan da kake jingine da shi, daga gidan wa ya fito?" Ya ce, "Na sani." Ta ce, "To ka kwanta ranar. Ka ce maƙogwaro ya kama ka, ni zan shafa maka man shanu a wuya kowa ya gani. Ba ka faɗa ba, ba ka kuma yi faɗa da kowa ba." Ku kuma kada ku zargi Kande, da yawanmu shawarar da za mu bayar ke nan, har mu ji mun yi dabara. Anaruwa ya ce, "In na kwanta, wani zai ɗauka a madadina, kasuwa ta bi shi. Fadamar ta tafi ke nan, ni kuma ina ɗaki da man shanu a wuya."

Ya tashi ya tafi wurin Cindo, ya same shi yana ɗaure fatar kotso. Ya ce, "Maigida, waƙar jibi, ƙarya ce a cikinta. Ina wurin." Cindo bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ni na yanke shari'ar? Ni baki ne kawai, Anaruwa. Kai kuwa ko bakin ba kai ba ne, bayan baki kake. Mu ba a tambayarmu. Je ka huta, ka sha ruwan ɗumi."

Ranar kasuwa ta zo. Aka shimfiɗa wa Mai Gari buzu a inuwar ɗorawa, fadawa suka kewaye shi, masu awo suka ajiye mudu, mahauta suka ajiye wuƙa. Anaruwa yana tsaye a inda ya saba tsayawa, kuma ina gaya muku tsoro yake ji, tsoro na gaske. Bai yanke shawarar komai ba. Shi dai ya fito ne bai san abin da bakinsa zai yi ba. Cindo ya buga kotso, ya wasa Mai Gari, ya kawo hukunci: Nomau ya bayar, Mai Gari ya karɓa, fadama ta Bagudu ce. Ya sauke numfashi.

Kafaɗa ba ta ɗaga ba.

Sauran ukun suka tsaya da baki a buɗe, suna kallon kafaɗar tsoho. Cindo ya zaci kuskure ne, ya zagayo ya sake kawo baitin. Shiru. Ya kawo na uku yana harararsa ta gefen ido. Shiru dai, har ana jin kukan akuya daga can layin dabbobi.

Mai Gari ya ce, "Anaruwa, tsufa ya toshe maka kunne ne?"

Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ina ji."

"To karɓa mana."

"Ranka ya daɗe, ban shaida ba."

Bagudu ya yi murmushi, don ba wawa ba ne. Ya ce, "Shekara talatin kana cewa ka shaida. Duk ka shaida su?"

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Na faɗi da yawa da ban sani ba, Allah ya gafarta mini. Wannan kuwa na sani. Ina gefen Nomau har ya cika, bai ba kowa fadama ba."

A nan Mai Gari ya yi kuskuren da masu mulki suka saba yi, ya zaci in ya kunyata mutum ya gama da shi. Ya dubi fadawa ya ce, "Ashe ɗan amshi ya zama mawaƙi ba mu sani ba. To tashi ka yi mana taka mu ji." Aka fashe da dariya. Kowa ya san Anaruwa bai taɓa ƙaga ko baiti ɗaya ba. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya dubi ƙasa. Da muryar nan tasa mai kaushi ya rera:

Akwai zauren da ba a shiga da rawani,
Akwai zauren da ba a aika wakili.
Mai gari zai tuɓe takalmi a ƙofa,
Ya durƙusa inda talaka ya durƙusa.
Mai zauren ba ya tambayar fadawa,
Yana nan ran da aka haƙa rijiya.
Zai ce, ina gonar marayu?
Wa zai karɓa maka a ranar?

Ya sauke numfashi a inda ake saukewa, ya jira, don jikinsa ya saba cewa bayan baiti akwai amshi. Ba wanda ya karɓa masa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana karɓa wa wani, ranar da ya yi tasa, kasuwa guda ta sunkuyar da kai. Wannan ya yi masa ciwo fiye da duk abin da ya biyo baya.

Bari in tsaya a nan kaɗan. Ɗazu mun karanta ɗaya daga cikin waƙoƙin nan na bayin Allah na dā, kuma na ga wasunku suna hamma. Ku da kuke da su a rubuce kuna ɗaukarsu kamar waƙoƙin lallashin jariri. Ku koma ku duba da kyau. Da yawansu ba a cikin kwanciyar hankali aka yi su ba. Mutane ne da aka danne, suka je wurin alƙali suka tarar alƙalin shi ne ɓarawon, suka rasa inda za su kai ƙara, sai suka ɗaga murya suna cewa akwai Wanda zai zaunar da masu zaunar da mutane, ya tambaye su gwauruwa, ya tambaye su maraya. Anaruwa bai iya karatu ba, bai taɓa riƙe littafi ba. Amma Ubangijin da ya sa wa waɗancan magana a baki bai yi nisa da kasuwar ƙauye ba.

Kada kuma ku zaci aradu ta faɗo. Ba ta faɗo ba. Aka fizge kotsonsa aka farke fatar a gaban jama'a, aka ce kada a sake ganinsa a bayan mawaƙi. Kasuwa ta gaba aka sa wani ya ɗauki amshin. Ya faɗa sau uku, fadawa suka taya shi, amma kasuwa ba ta ɗauka ba, kowa ya shiga gyaran kayansa kamar bai ji ba. Hukunci ya tsaya a rataye. Bagudu bai damu ba, ya aika aka rushe shingen, ya haɗe fadamar da gonarsa. Gwamma ta koma yi wa mutane surfe da daka ana ba ta tsaki da dusa. Anaruwa ya koma yankan gamba yana saƙa zana, da hannun da bai saba ba, har tafinsa ya tsattsage. Waɗanda dā suke kiransa cin tuwon suna suka koma gaishe shi da ido. Kande ta yi mita, ta yi mita, wata biyu tana mita, amma kullum in ta kwashe tuwo sai ta ware malmala biyu ta kai wa 'yan matan Gwamma da kanta. A wurin niƙa kuma, in ka kasa kunne, za ka ji mata suna rera wata waƙa a hanci, ba kalmomi, amma kowa ya san wace ce.

Damina biyu aka yi a haka. Kullum Anaruwa yana roƙon Allah ya yi wa Gwamma shari'a, wani lokaci da haƙuri, wani lokaci kuma da ɗacin rai, don mutum ne.

Yanzu ku gyara zama, don jarrabawar gaske ba ta zo ba sai yanzu. Bagudu yana da ƙane ana ce masa Jatau, wanda ya daɗe yana auna rawanin wansa da ido. Jatau ya tafi birni ya kai wa babban Sarki sara, ya ce Bagudu ya sa mawaƙinsa ya yi wa Sarki waƙar zambo, ana rera ta a zaurensa ana dariya. A wancan zamanin wannan magana ba ta rawani ba ce kawai, ta kai ce. Aka aika aka tafi da Bagudu da Cindo. Sarki ya ce ba zai saurari Cindo ba tunda shi ma wuyansa yana ciki, a nemo masa wanda ya san waƙoƙin gidan, wanda kuma ba ya cin abincin Bagudu.

Jatau ya ji daɗi, don ya san Anaruwa za a nemo. Da yamma sai ga shi a ƙofar gidan Anaruwa, da sabuwar riga a naɗe da ƙwaryar goro. Ya zauna a kan zanar da ake saƙawa, ya ce, "Baba, wahalarka ta ƙare. Ba sai ka yi dogon bayani ba. In na faɗa a gaban Sarki, kai dai ka ce haka yake. Dā ma aikinka ne. Ran da aka naɗa ni, kafin in shiga gida fadama ta koma hannun Gwamma, kai kuma a ɗaure maka sabon kotso." Ya ajiye kayan ya tafi.

Kande ta fito daga bayan danga, don duk ta ji. Ta ce, "Maigida, wannan ai Allah ne ya kawo. Ba abin da kake roƙo ke nan ba?"

Kun ga wuyar abin? A karon farko ƙarya ta zo masa da fuskar zalunci, yana ganinta ya gane ta. Yanzu ta zo da fuskar taimako, tana riƙe da hannun marayu. Kalma biyu kawai, azzalumi ya faɗi, yaran abokinsa su ci abinci. Kuma zuciyarsa tana so, kada mu ɓoye. Ya tuna dariyar kasuwa, ya tuna ƙarar fatar kotsonsa da aka farke. Ya ce wa Kande, "Na roƙi Allah ya yi masa shari'a a kan abin da ya yi. Ban roƙa a yanka shi a kan abin da bai yi ba." Ta ce, "In ka ƙi, fadamar fa?" Ya ce, "Ban sani ba, Kande. Wallahi ban sani ba." Ya sa ta ɗaure rigar da goron, ya ce zai mayar wa mai su.

Kwana uku ya yi a hanya a ƙasa. Da aka shigar da shi zauren Sarki, abin da ya fara gani shi ne takalman Bagudu a bakin ƙofa, cikin takalman talakawa. Ga mai su can a durƙushe a kan ƙasa, ba buzu, ba mai yi masa fifita. Fadawan da suka rako shi duk sun zame sun koma bayan Jatau. Kuma ku ji wani abu: shaidun da Jatau ya kawo su ne mutum biyun nan da suka rantse a kan fadamar Nomau. Bakin da ka koya wa ƙarya ba ya tambayar wa zai ci. Jatau yana faɗa suna cewa haka ne, yana ƙarawa suna cewa haka ne. Bagudu ya waiga ya ga wanda aka shigo da shi, sai ya sunkuyar da kai. A ransa an gama.

Sarki ya ce, "Kai ne ɗan amshin? An ce an yi mini zambo a gidan mutumin nan. Haka yake?"

Anaruwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, duk waƙar da Cindo ya yi tun yana saurayi ta bakina ta bi. Wannan ba ta bi ba. Bayan an kore ni kuma, gidana yana jin kotson zaure, kuma na san hannun kowace waƙa. Ba a yi ta ba."

Sarki ya dube shi da kyau, ya ce, "An gaya mini mutumin nan ya kore ka, ya farke maka ganga a kasuwa."

"Ya yi, Allah ya ba ka nasara."

"To don me kake kare shi?"

"Ba kare shi nake yi ba. Abin da aka tambaye ni na faɗa."

"Me ya haɗa ku har ya kore ka?"

Sai ya faɗa. Ya faɗi Nomau da rijiya da kwana bakwai, ya faɗi Gwamma da 'yan mata biyu da surfen da take yi. Bai ƙara gishiri ba, bai rage ba. Sarki ya juya ga shaidun nan biyu ya ce, "Ku ne kuka shaida waccan ma?" Suka faɗi suna zuba ƙasa a ka. Sannan ya juya ga Bagudu ya ce, "Kai kuma me ka ce?"

Bagudu yana iya musu. Shaidun sun riga sun zama maƙaryata, yana iya cewa su suka ruɗe shi. Ya ɗago ya dubi tsohon da ya tsirar masa da wuya, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Haka yake." Wannan ne karo na farko a duniya da wani ya karɓa wa Anaruwa magana, kuma Mai Gari ne ya karɓa.

Sarki ya ce, "Laifin da aka kawo ka a kansa ka tsira. Wanda ba a kawo ba shi ya kama ka." Aka warware masa rawani a wurin. Jatau ma bai samu ba, aka kore shi da rigarsa da goronsa, aka ba wani dattijo na gidan rawanin. Aka ce fadama ta koma hannun Gwamma, har da raken da ke tsaye a cikinta na shekarar.

A hanyar komawa Bagudu yana tafe a ƙasa kamar kowa, da 'yar hula, ba mai riƙe masa ko buta. Da rana ta yi zafi suka zauna a wata inuwa, Anaruwa ya miƙa masa gorar ruwa. Ya sha, ya daɗe yana juya gorar a hannu, sannan ya ce, "Baba, zauren nan da ka faɗa a waƙarka, shi ne wanda muka fito?" Anaruwa ya ce, "A'a. Wannan ƙaraminsa ne, wancan yana gaba. Amma tunda kana numfashi, da sauran lokaci." An ce Bagudu ya yi shekara goma sha biyu bayan haka yana noma da hannunsa, kuma shi da ƙafarsa ya riƙa zuwa wurin sabon Mai Gari yana cewa, shari'ar wane na karkatar da ita, a gyara, ta wance ma haka. Ya mutu ba shi da rawani, amma mutane sun yi masa kuka na gaske.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Ubangiji zai yi wa masu mulki shari'a, wannan ba ko shakka, kuma ba ya bukatar ƙaryarku ko tawa kafin ya yi ta. Wanda aka yi wa tasa tun yana duniya, ya durƙusa ya amsa, an yi masa jinƙai. In akwai mai ɗan iko a cikinmu, mai unguwa ne kai, shugaban ma'aikata, ko babban wa da gadon ƙanne ke hannunka, ka gyara yau tun ana karɓar gyara.

Amma yawancinmu ba masu gari ba ne, 'yan amshi ne. Ba azzalumin da ke rera waƙarsa shi kaɗai, sai da masu karɓa masa. Kai da aka miƙo maka takarda a ofis ka sa hannu ba ka karanta ba, ka ce ni ba a tambayata. Ke da kika zauna a taron dangi aka cinye rabon matar ƙanenki, kika gyaɗa kai don kada a ce kin cika baki. Mu dattawan kwamiti da muke cewa mun yarda tun mai magana bai rufe baki ba, har da ni mai faɗa muku. Akwai kuma masu kallon kafaɗarka da ba ka san da su ba, 'ya'yanka, yaran shagonka, maƙwabta. Kada ka ba ƙarya aron bakinka don mai iko ya ji daɗi. Kada kuma ka ba ta don mai iko ya faɗi, ko da ya cuce ka. Wataƙila ka yi damina biyu kana saƙa zana, wataƙila fiye. Amma Wanda ke zaune a babban zauren ya ga ranar da ka yi shiru saboda gaskiya, kuma ba ya mantuwa. Ubangiji ya tsare mana bakinmu a wannan mako. Mu tashi mu yi addu'a.